Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Lafiyar Dabbobi Tsakanin Mai Kiwo Da Likita

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya





Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, na ɗauka za a ce in yi magana a kan makaranta, tunda a can na ƙarar da shekaru 35 ina riƙe da alli. Da na ga an bar mini zaɓi, sai na ce bana zan ajiye allo in shiga turke. Ni ba likitan dabbobi ba ne, saboda haka idan akwai likita a cikin wannan rumfa, ya yi mini gyara inda na karkace. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma na koya a hannun likitoci bayan da asara ta koya mini yin tambaya.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, da wuya a samu wanda ke zaune a nan da ba shi da dabba a gida. Ma'aikacin Abuja yana da 'yan shanunsa a hannun Ardo. Ɗan kasuwar Legas ya turke sa a gidan ƙanensa yana jiran Babbar Sallah. Iyayenmu mata kuwa, awakinsu da kajinsu su ne asusunsu, da su ake biyan kuɗin jarrabawa, da su ake haɗa kayan ɗaki, da su ake kai mara lafiya asibiti. Da yawa daga cikin waɗanda suka zama manyan ma'aikata a yau, ni ne na karɓi kuɗin makarantarsu, na kuma san akuyar da aka sayar aka kawo shi. To amma duk da girman wannan dukiya, ba ma tuna likitanta sai ran da dabba ta kwanta ta kasa tashi, Sarkin Fawa ya riga ya aiko yaro da wuƙa.

Abin Da Ya Same Ni

Bari in fara da kaina, domin kada a ce Malam ya zo yana nuna wasu da yatsa. Da na ajiye aiki aka biya ni haƙƙina, sai na sayi awaki na zuba a gida, har suka kai 17 tsakanin manya da ƙanana. Wata ranar kasuwa, cikin hunturu, dillali ya nuna mini wasu awaki biyu da araha. Na lura ɗaya tana ɗan zubar da majina, amma na ce sanyi ne. Na kawo su gida da yamma na haɗa su da sauran a kwarya ɗaya ta ruwa.

Ba a rufa mako ba garke ya rikice. Zazzaɓi, majina da kwantsa, miki a baki, sannan zawo mai wari. Na aika aka sayo allura a kasuwa, wani yaro da ya ce ya iya ya yi musu, abin bai tsaya ba. Sai da 6 suka mutu na aika a kira likitan dabbobi daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Da ya iso, ashe tsohon ɗalibina ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya duba dabbobin, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe Malam, yaushe rabon da a yi musu rigakafi?" Na yi shiru. Ya ce, "Baƙin da aka kawo, kwana nawa suka yi a ware?" Na yi shiru. Ya ce, "Allurar da aka yi musu, ina kwalbar, kuma nawa aka ba kowace?" Nan ma ban da amsa.

Jama'a, a kwalejin horon malamai an koya mana cewa malamin kirki ba ya shiga aji sai da tsarin aikin zango da shirin darasi a rubuce. Na yi shekaru ina mayar da malamai gida saboda sun zo babu shiri. Ga shi ranar nan ɗalibina ya same ni da garke guda babu rajista, babu jadawali, babu komai. Ya gaya mini cewa annobar awaki da tumaki ce wadda likitoci ke kira PPR, ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma allurar da na saya ba ta kashe bairos, iyakarta ta rage wasu cututtukan da ke biyo baya. Ƙarshenta awaki 11 na rasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya lissafa mini kuɗin rigakafin garken gaba ɗaya, bai kai kuɗin ɗan akuya guda ba. Cutar kuma ba ta tsaya a gidana ba, ta tsallaka katanga ta cinye awakin wata gwauruwa maƙwabciyata, wadda ba ta da fansho kamar ni. Wannan nauyi har yau ina jin sa.

Darasin Ciwon Bushiya

Abin da ya same ni a turke guda ya taɓa samun ƙasa baki ɗaya, kuma ya kamata matasa su san tarihin. Ciwon bushiya ya shigo Afirka ta gabar Eritiriya a shekarar 1887, cikin shanun da aka kawo wa sojojin Italiya. Cikin 'yan shekaru ya ratso har ƙasar Hausa da Barno, ya kashe mafi yawan shanun da ya tarar, ya mai da masu garke matsiyata. Yaƙi da wannan ciwo yana cikin manyan dalilan da suka sa aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a shekarar 1924, cibiyar da har yanzu take sarrafa alluran rigakafin dabbobi a Nijeriya.

A shekarar 1962 aka ƙaddamar da babban gangamin rigakafi da ake kira JP15, aka fara shi daga ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Mu da muke yara a lokacin mun ga malaman shanu suna bin ruga-ruga, a yi wa saniya allura a yi mata alama a kunne. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ciwon ya yi kamar ya ɓace. Da gangamin ya ƙare a 1976, sai aka saki jiki. Maruƙan da aka haifa bayan nan ba a ci gaba da yi musu rigakafi yadda ya kamata ba, har aka tara garake masu yawa da ba su da kariya. A shekarar 1983 ciwon ya dawo wa Nijeriya da ƙarfinsa. Ina matashin malami a lokacin, na ga mushen shanu jere a bakin burtali, na ga dattijon da aka san shi da garke ya koma gadin shago a birni. Wasu daga cikin ɗalibanmu na ruga ba su sake dawowa aji ba.

Sai da aka sake ɗaura ɗamara da wani gangamin na Afirka baki ɗaya daga 1986. A wuraren da ciwon ya maƙale daga ƙarshe, kamar wasu sassan Habasha da kudancin Sudan, abin da ya kawo nasara shi ne haɗin kai da makiyaya. Likitoci suka zauna da su suka saurari abin da suka sani game da inda ciwon yake ɓuya, aka horar da 'ya'yansu yin allura, aka ba su irin rigakafin da ke jure zafi. An ga ciwon na ƙarshe a ƙasar Kenya a 2001, sannan a 2011 aka yi shelar cewa an kawar da shi daga doron ƙasa. Shi ne ciwo na biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa, bayan agana.

Darussa biyu nake so mu ɗauka. Na farko, rigakafi aikin kowace shekara ne, domin kowace shekara ana haihuwar sababbin dabbobi. Na biyu, likita shi kaɗai bai ci wannan yaƙi ba, makiyayi shi kaɗai ma bai ci ba, sai da suka zauna a tabarma ɗaya. Annobar da ta cinye awakina 'yar'uwar bushiya ce ta jini. Tun 2015 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da ita nan da 2030. Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, rigakafin da aka fi amfani da shi a Afirka an samo shi ne daga ƙwayar cutar da aka ɗauka a nan Nijeriya a 1975, kuma allura ɗaya tana kare akuya ko tunkiya aƙalla shekaru 3. Maganin daga gidanmu ya fito, amma awakinmu na mutuwa saboda rashin shiri.

Mene Ne Shirin Lafiyar Dabbobi?

Abin da nake nufi ba wani abu ne mai wuya ba. Mai kiwo da likita su zauna sau ɗaya a shekara, lokacin da dabbobi ke lafiya kuma hankali a kwance yake, su duba abin da ya faru bara, su rubuta abin da za a yi bana wata bayan wata. Lokacin da ya fi dacewa a ganina shi ne bayan kaka, sa'ad da amfani ya shiga rumbu, kuɗi na hannu. Likita zai so ya san dabbobi nawa ne, nawa suka haihu, nawa suka yi ɓari, nawa suka mutu kuma a wane wata, ina suke kiwo, ina suke shan ruwa. Daga waɗannan amsoshi ne zai tsara jadawalin da ya dace da wurin, domin shirin mai kiwo a fadama ba zai zama ɗaya da na mai kiwo a tudu ba. Ga misalin yadda nawa yake tafiya tun bayan waccan asara.

Da kaka, kafin sanyi ya kankama, ana yi wa awaki da tumaki rigakafin annobar da na ambata, musamman 'ya'yan da suka kai wata 3 zuwa 4 da waɗanda aka sayo. A wannan lokaci ne kuma ake yi wa kaji rigakafin annobar nan ta hunturu, wadda ke sa kaza gyangyaɗi da koren kashi da murɗewar wuya, ta share akurki cikin kwanaki. Ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa duk bayan wata 3 zuwa 4, kuma mata da yara suna iya koyon yin sa. A ƙarshen damina ana ba da maganin tsutsar ciki, masu kiwo a fadama kuma su nemi shawarar likita a kan ciwon hanta, wanda tsutsarsa ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na bakin ruwa kafin ta maƙale a ciyawa dabba ta ci.

Da rani kuwa, babban ciwo shi ne yunwa. Dabbar da ta rame, kowace cuta tana iya kayar da ita, rigakafi ma ba ya kama jikinta sosai. Saboda haka lissafin harawa da kowar wake da dusa da angurya yana cikin shirin lafiya. Idan abincin da aka tara ba zai kai garke damina ba, gara a sayar da tsofaffi da marasa haihuwa tun suna da nama a jiki, da a jira bazara a sayar da ƙashi da fata. A kuma tsabtace gida daga leda, domin akuya mai jin yunwa tana haɗiye ta, ta dunƙule a tumbinta, ta yi ta ramewa ana zargin maita, sai an yanka a ga tulin leda.

Kafin saukar ruwa ake yi wa shanu rigakafin shekara. Akwai na harbin daji, wanda ya fi kama maruƙa da 'yan bijimai masu ƙiba, cinya ko kafaɗa ta kumbura, dabba ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai na ciwon saifa. Akwai na ciwon da ke kumbura maƙogwaro da damina. Ciwon huhu ma rigakafinsa na shekara-shekara ne, domin kariyarsa ba ta daɗewa, kuma saniyar da ta yi kamar ta warke tana iya ɗauke da shi a ƙirjinta watanni tana rarraba wa garke. Da damina ta zauna sai a juya ga tsutsar ciki da kaska, wadda ke shan jini, ta kawo zazzaɓi, ta buɗe wa kirci ƙofa. Masu kai shanu kudu inda ƙudan tsando yake, su tattauna da likita a kan sammore tun kafin su tashi. Karen gida da na farauta shi ma a yi masa rigakafin hauka kowace shekara, domin yaranmu ne ke wasa da shi.

Akwai kuma dokokin da ba su da lokaci. Duk dabbar da ta fito daga kasuwa, ko kyauta ce daga suruki, a ware ta mako 3 zuwa 4 da kwaryar ruwanta daban. Ɗan da aka haifa ya sha dakashi a sa'o'in farko, domin a cikinsa uwa ke ba shi kariya. Dabbar da ta yi ɓari a ware ta, a binne abin da ta zubar ba tare da an taɓa shi da hannu tsirara ba, a kuma sanar da likita, domin ciwon bakkale yana kama mutum. Madara kuwa a tafasa ta kafin a sha, saboda bakkale da tarin fuka duk suna bi ta ɗanyar madara.

Game da ciwon saifa ina so in ja kunne. Idan dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a cire fatar, kada a ja ta a ƙasa. A kira likita, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi bisa umarninsa. Ƙwayar wannan ciwo tana iya zama a cikin ƙasa shekaru masu yawa, kuma tana kashe mutum. Ba tsohon labari ba ne, domin a watan Yulin 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja.

Haƙƙin Kowane Ɓangare

Shiri ba ya tsayawa sai da amana, kuma amanar tana kan wuyan mutum biyu. Mai kiwo ya faɗi gaskiyar yawan dabbobinsa. Na san tun zamanin jangali mutanenmu suka gaji ɓoye lissafi, wasu kuma suna gudun baki, amma likita ba mai karɓar haraji ba ne. Idan ka ce shanunka 20 alhali 35 ne, ka bar 15 babu kariya, su kuma za su riƙe cutar a garke. Ya faɗi maganin da ya riga ya bayar, ya nuna kwalbar. Ya kai rahoto tun dabba ta farko ta ƙi cin abinci. Kada kuma ya kwashi marasa lafiya ya kai kasuwa da sassafe, kamar yadda aka yi mini, domin wannan sayar da wuta ne ga ɗan'uwa.

Ya kuma daina mai da allurar kasuwa maganin komai. Duk ƙwayar cutar da aka saba yi wa rabin magani takan yi taurin kai, har ran da ake buƙatar maganin da gaske ya ƙi aiki, a jikin dabba ko a jikin mutum. Bayan haka kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko a sha nono. Akwai allurar da sai an jira mako 3 zuwa 4 kafin a yanka. Ragon da aka ɗura wa magani ana jibi Sallah, iyalin wani ne za su cinye maganin, wataƙila ma naka iyalin a birni.

Shi kuma likita ko malamin dabbobi, haƙƙinsa ne ya zo ranar da ya yi alkawari, domin wanda ya hana shanunsa fita kiwo tun safe yana jira, idan aka yi masa haka sau biyu ba zai sake tara su ba. Ya yi magana da harshen da ake fahimta, Hausa ko Fulatanci. Ya saurari makiyayi, domin wanda ya kwana da saniya ya tashi da ita yana ganin canjin da baƙo ba zai gani ba. Ya faɗi gaskiya tun da wuri cewa wani rigakafin, kamar na ciwon huhu, yakan sa kumburi a wurin allura, kada mutane su gani daga baya su ce an zo kashe musu dabbobi. Ya kuma kiyaye sanyin magani tun daga firji har jikin dabba, domin rigakafin da rana ta buga ruwa ne kawai, kuma idan aka yi shi dabba ta mutu, shekaru za a yi kafin mutane su sake yarda.

Roƙona Ga Mazauna Birni Da Ƙungiya

'Yan'uwana mazauna birni, na san ba ku ƙi gida ba. Idan aka buga waya aka ce sa ya kwanta, nan take kuɗi ke shigowa. Abin da nake roƙo shi ne a gabatar da wannan kuɗi kafin kwanciyar. Wanda ya ba da amanar kiwo, ya ware kuɗin rigakafi da na abincin rani tun farkon shekara, kada ya bar wa mai riƙo nauyin, sannan idan dabba ta mutu zumunci ya lalace da zargi. Na sha zama sulhu tsakanin wa da ƙane a kan sa guda, kuma da akwai littafin da aka rubuta abin da aka yi, da maganar ba ta kai gaban dagaci ba. Idan kun kira gida, bayan gaisuwa ku tambaya ko an yi rigakafin wannan wata. Littafin rubutu na 'yan makaranta guda ɗaya ya isa rajista, kuma a kowane gida yanzu akwai yaron da zai iya riƙe shi.

Sai dai wannan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, saboda dalilai biyu. Dabbobinmu a makiyaya ɗaya suke haɗuwa, a mashaya ɗaya suke shan ruwa, don haka kariyar garkenka ba ta cika sai maƙwabcinka ya yi. Sannan kwalbar rigakafi takan zo ne da na dabbobi 50 ko 100, kuma da zarar an haɗa ta sai a yi amfani da ita cikin ɗan lokaci. Mai awaki 5 ba zai iya kiran likita ya buɗe kwalba dominsa ba, amma unguwa guda za ta iya. A nan ne ƙungiya take da rawar takawa, kuma ina gabatar da waɗannan shawarwari ga shugabanni.

Na farko, a kafa kwamitin lafiyar dabbobi ƙarƙashin mai girma Hakimi, wanda zai ƙunshi Ardo da Sarkin Fawa da shugaban dillalai da wakilan mata, tare da jami'in dabbobi na ƙaramar hukuma. Mata kada su zama 'yan rakiya, domin akasarin awaki da kaji nasu ne.

Na biyu, kwamitin ya zauna da likita bayan kowace kaka ya fitar da jadawalin shekara, a sanar a masallatai da kasuwa, a kuma buga shi a wannan mujalla domin na birni su gani.

Na uku, ƙungiya ta sayi firji mai aiki da hasken rana da akwatunan sanyi, a ajiye a hannun jami'in dabbobi. Mun gina ajujuwa, mun haƙa rijiyoyin burtsatse, wannan bai kai su tsada ba.

Na huɗu, a buɗe asusu mai juyawa. Rassan birni su zuba jarin farko, masu dabbobi su riƙa biyan ɗan abin da zai mayar da kuɗin, a yafe wa zawarawa da marayu. Idan gwamnati ta kawo rigakafin kyauta, kwamiti ya tara jama'a a amfana, amma kada mu jingina lafiyar dukiyarmu ga ranar da ba mu muka sa ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta, kuma duk abin alherin da zai fito daga can, garin da ya riga ya shirya da lissafinsa a hannu shi zai fara samu.

Na biyar, cikin tallafin karatun da muke bayarwa a ware gurbi ga masu son karatun lafiyar dabbobi, namiji da mace, har da 'ya'yan ruga. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna horar da likitocin dabbobi, akwai kuma kwalejin lafiyar dabbobi a Vom. Mace ma'aikaciya za ta shiga cikin gida ta duba awaki da kaji inda namiji baƙo ba zai shiga ba.

Kammalawa

Wani zai ce ai ajali ne, dabbar da kwananta ya ƙare sai ta mutu. Haka ne, kuma ba mu ja da wannan ba. Amma malamanmu da ke zaune a nan sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana ɗaukar sababi, kuma dabbar da muka ɗaure a turke amana ce da za a tambaye mu a kanta. Tun daga shekarar da na fara zama da tsohon ɗalibina bayan kowace kaka, na rasa akuya nan da can kamar kowa, amma annoba ba ta sake share mini turke ba. Littafin yana gida, duk mai son gani ƙofa a buɗe take.

Ina roƙon shugaban taro, kafin a tashi yau a ambaci sunayen 'yan kwamiti, a kuma sa ranar zamansu na farko da likita tun hunturu bai shigo ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

 Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure a yafe mini. Allah Ya albarkaci garinmu da dukiyarmu da zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mu taron baɗi lafiya.